Ƙwarin ƙura a cikin shimfiɗa: yadda tsaftar gida ke rage atishawa, toshewar hanci da tashin asma

Akwai marasa lafiya da yawa da ke zuwa asibiti da ƙorafi iri ɗaya. Da rana lafiya lau suke, amma da zarar sun kwanta sai hanci ya toshe, tsakar dare tari ya tashe su, da asuba kuma su yi ta atishawa a jere, idanu na ƙaiƙayi suna ruwa. Yawanci akan ce mura ce ko sanyin fanka, a sha maganin mura, wani lokaci har da maganin kashe ƙwayoyin cuta, abin ya lafa kwana biyu ya dawo. Murar gaskiya takan wuce cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Wadda ta shafe watanni, ba zazzaɓi, kuma ta fi tsanani a kan gado da lokacin gyaran ɗaki, sau da yawa alaji ce, wato abin da Hausawa kan kira borin jini: garkuwar jiki ta yi bore ga wani abu da ba ya damun sauran mutane. Daga cikin abubuwan cikin gida da ke haddasa wannan, ƙwarin ƙura ne kan gaba a mafi yawan ƙasashen duniya, kuma babban mazauninsu shi ne shimfiɗar da muke kwana a kai.

Mene ne ƙwaron ƙura?

Ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai ƙafa takwas, dangin kaska da gizo-gizo. Tsawonsa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na milimita ba, jikinsa kuma fari-fari ne, don haka ido ba ya ganinsa sai da madubin ɗakin gwaji. Ba ya cizo, ba ya shan jini, ba ya shiga cikin fata, ba ya yaɗa wata cuta daga mutum zuwa mutum. Kada a haɗa shi da kuɗin cizo, wanda ake gani da ido, yake cizo da dare ya bar tabon jini a zanen gado. Haka kuma ba shi ne ƙwaron ƙazuwa ba, ko da yake 'yan uwa ne na nesa.

Abincinsa dusar fata ce, wadda ke zuba daga jikin kowane mutum dare da rana. Ba ya shan ruwa kamar sauran halittu, daga iska yake tsotsar laima ta jikinsa. Wannan ne rauninsa mafi girma. Idan danshin iska ya kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100, ga ɗumi, sai ya yi ta hayayyafa. Idan danshin ya daɗe ƙasa da kashi 50, sai ya bushe ya mutu. Daga ƙwai zuwa babba yakan ɗauki kimanin wata guda, tamatar kuma tana saka ƙwai ɗaya zuwa uku a rana. Duk abin da yake buƙata yana nan a kan gado: dusar fata, ɗumin jiki, gumi da numfashin mai barci, da duhun cikin auduga ko soso.

Samun ƙwarin ƙura ba alamar ƙazanta ba ce. Ana samunsu a gidan mai kuɗi da na talaka, har ma ɗakin da ya sha kafet, manyan labule da tulin filalla ya fi ɗakin siminti mai tabarma ɗaya tara su.

An daɗe da sanin cewa ƙurar gida na tayar da asma, amma sai a 1964 likita Reindert Voorhorst da abokan aikinsa a birnin Leiden na ƙasar Holan suka nuna cewa wannan ƙwaro ne ummul-haba'isin abin. A farkon shekarun 1980 masu bincike a Ingila suka gano cewa mafi yawan sinadarin da ke tayar da ciwon yana cikin kashin ƙwaron ne. Kowane ƙwaro yana yin 'yan dunƙulen kashi kimanin 20 a rana, kowane dunƙule kaurinsa maikiron 10 zuwa 40, wato bai kai kaurin silin gashi ba. A cikinsu akwai sinadarin narkar da abinci na ƙwaron, wanda idan ya sauka a kan laushin fatar cikin hanci ko hanyar numfashi yakan sassauta haɗin ƙwayoyin halittar wurin, ya samu ƙofar shiga, garkuwar jikin mai alaji ta tashi da kumburi, majina da tsukewar hanyar iska.

Abu biyu ne suka biyo bayan wannan, kuma a kansu duk shawarwarin tsaftar suka ginu. Na farko, dunƙulen kashin suna da ɗan nauyi. Ba sa yawo a iska yini guda kamar hayaƙi. Sukan tashi idan an kakkaɓe shimfiɗa ko an juya a kan filo, su koma ƙasa cikin kimanin rabin awa. Saboda haka mafi yawan abin da mutum ke shaƙa yana fitowa ne daga abin da ke dab da hancinsa: filo, zanen gado, bargo. Na biyu, mutuwar ƙwaron ba ta kawar da kashinsa. Sinadarin yakan zauna da ƙarfinsa watanni a cikin katifa bayan ƙwarin sun mutu. Kashe ƙwarin aiki ɗaya ne, fitar da abin da suka bari aiki ne daban. Zafi da bushewa ne ke kashewa, ruwa ne ke wankewa.

Damina da hunturu

Ana iya zaton ƙasa mai zafi da bushewa irin tamu ba ta da wannan matsala. Ba haka ba ne. Wani bincike da aka buga a 1975 a kan masu asma 106 a Zariya ya samu ƙwarin a cikin ƙurar katifu, mafi yawansu nau'in da ake kira Dermatophagoides farinae, wanda ya fi sauran jure bushewa, kuma da yawa daga cikin marasa lafiyan sun ce ciwonsu ya fi tashi da damina. A Kumasi ta ƙasar Ghana, inda danshi ya fi yawa, bincike a kan yara ya nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin asma da alajin ƙwarin ƙura da na kyankyaso.

A ƙasar Hausa ƙwarin suna hayayyafa ne daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta, lokacin da wanki ke ƙin bushewa, ɗaki ke warin raɓa. Da hunturu danshi kan faɗi ƙasa sosai, mafi yawansu su mutu, amma wasu ƙanana sukan lafe a can cikin katifa har ruwa ya sake sauka. To me ya sa mutane da yawa suka fi shan wahala da hunturu? Dalili ɗaya shi ne ƙurar hunturun kanta, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Wannan garin ƙasa ne, ba ƙwari ba, amma yana fusata hanci da ƙirjin da dama can suke a kumbure, ga sanyi da bushewar iska. Dalili na biyu yana cikin ɗaki: bargunan da suka kwashe damina a cikin akwati ko saman wadirof ana fito da su a lulluɓa ba tare da wanki ba, a rufe tagogi, a rufe kai ruf har safe.

Lulluɓe kai da bargo ba ƙaramin abu ba ne. A yankin Fore na tsaunukan Fafuwa Niyu Gini, asma ta kasance baƙuwar cuta a da, sai ta yawaita ƙwarai a tsakanin manya a shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Da masu bincike suka duba, sai suka tarar mutanen sun fara amfani da barguna, suna kwana kai a rufe saboda sanyi, bargunan kuma cike da ƙwarin ƙura.

Kafin a shiga aiki

Duk wannan ɗawainiya ta mai alajin ƙwarin ƙura ce. Wanda asmarsa ke tashi saboda hayaƙin itace, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa ko kyankyaso ba zai ga canji mai yawa ba ko da kullum yana tafasa zanen gado. Inda akwai hali, ana tabbatarwa da gwajin fata: a ɗiga ɗigon ruwan gwaji a hannu, a ɗan soki wurin, a duba bayan minti 15 zuwa 20 ko ya tashi kamar cizon sauro. Akwai kuma gwajin jini. Masu shan maganin ƙaiƙayi da atishawa sai sun dakata kwanaki kafin gwajin fata, likita zai faɗi nawa. Inda babu gwaji, labarin ciwon yana taimakawa: yana tashi a kan gado da lokacin kakkaɓe shimfiɗa, yana sauƙi idan an fita waje, yana sauƙi idan an yi tafiya an kwana a wani wuri na 'yan kwanaki.

Wanki

Wanki shi ne ginshiƙi. Zanen gado, rigar filo da mayafin rufa na mai ciwon a wanke su sau ɗaya a mako. Idan hakan ya gagara, kada su wuce mako biyu.

Wani bincike da aka yi a birnin Sidni na Ostareliya a 1992 ya ba da amsar da har yau ake aiki da ita. Ruwan da zafinsa ya kai digiri 55 ko fiye a ma'aunin salshiyos yana kashe ƙwarin gaba ɗaya. Ruwan sanyi da sabulu kuwa yana fitar da fiye da kashi 90 cikin 100 na sinadarin alajin, amma ƙwarin da yawa suna tsira, sun maƙale a zare. Wannan labari ne mai daɗi ga gidan da gawayi ko gas ya yi wa tsada, domin wankin yau da kullum da ruwan rijiya ko na famfo yana yin babban ɓangaren aikin. Kada rashin ruwan zafi ya sa a fasa wankin mako. Ruwan zafin ƙari ne da ke hana ƙwarin saurin dawowa, kuma ya fi muhimmanci da damina, lokacin da rana ba ta da ƙarfin ƙarasa aikin.

Mai injin wanki sai ya saita shi a digiri 60. Mai wanki da hannu ba ya buƙatar ma'auni: idan aka haɗa bokiti ɗaya na tafasasshen ruwa da bokiti ɗaya na ruwan famfo, akan samu zafin da ya ɗan haura digiri 60. Sai dai baho da kayan wankin suna shanye wani ɓangare na zafin nan take, don haka gara tafasasshen ya ɗan fi yawa. A zuba garin sabulu, a tsoma kayan da muciya ko sanda har ruwa ya rufe su, a rufe bahon, a bar su kamar minti 15 zuwa 20. Sai ruwan ya huce sannan a sa hannu. Kada a cusa kaya da yawa a ruwa kaɗan, domin na tsakiya ba za su ji zafin ba.

A nan akwai haɗari na gaske. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar yaro cikin 'yan daƙiƙu, kuma faɗawa cikin bahon ruwan zafi a tsakar gida na daga cikin hanyoyin da ƙananan yara ke samun mummunar ƙuna. A fara zuba na sanyin kafin na zafin, a ajiye bahon inda mai rarrafe ba zai kai ba, kada a juya masa baya. Idan ba za a iya tsare wannan ba, a yi wankin da ruwan sanyi a dogara da rana da guga.

Ɗauraya tana da muhimmanci kamar sabulun, domin ita ce ke tafiya da kashin ƙwarin. A ɗauraye sau biyu ko uku. Ga yaro mai bushewar fata da ƙaiƙayi a lanƙwasar gwiwa da hannu, ragowar garin sabulu da turaren wanki a jikin zane kan ƙara masa ƙaiƙayi, don haka a zaɓi marar ƙamshi. Kayan su bushe ƙarau kafin a shimfiɗa. Zanen da aka shimfiɗa da sauran laima ya mayar wa katifa ruwan da ƙwarin ke nema. Guga mai zafi bayan an kwashe shanya tana kashe waɗanda suka saura, amma mai asma ya nisanci dutsen guga na gawayi.

Idan ƙarfi ko kuɗi ba su kai a wanke komai ba, a fara da rigar filo. Ita ce mafi ƙanƙanta, ita ce kuma mafi kusa da hanci.

Rana

Al'adar shanya shimfiɗa a rana da iyayenmu suka saba da ita tana da tushe. Masu binciken Sidni sun kifa kafet a kan siminti cikin rana tsaka na 'yan sa'o'i, suka tarar ƙwarin sun mutu duka saboda zafi da bushewa. Ranar bazara a Sakkwato, Katsina ko Maraɗi ba ta gaza wannan ba. Darduma, tabarma, bargo da filo a shimfiɗa su kai tsaye a kan siminti ko kwano mai tsafta daga hantsi zuwa la'asar, a juya su sau ɗaya. Ratayewa a igiya ba ta kai wannan zafi ba, domin iska na sanyaya su.

Ƙarfin rana yana da iyaka. Katifa mai kauri ba ta yin zafi har tsakiya, ƙwarin sukan nutsa su guje wa zafin. Rana kuma ba ta taɓa kashin da suka bari. Abin da ake iya wankewa a wanke shi bayan shanyar. Wanda ba a iya wankewa a bubbuge shi da sanda a waje, nesa da taga, kuma ba mai ciwon ne zai yi bugun ba. A shigo da kaya kafin magariba, kafin raɓa ta sauka.

Katifa da filo

Katifa ba ta wankuwa, kuma ko injin zuƙe ƙura ba ya fitar da ƙwari masu rai daga cikinta, domin suna riƙe zare da ƙafafunsu. Dabarar da ta rage ita ce a rufe su a ciki. Akwai rigunan katifa da na filo na musamman, masu zif, da aka saƙa da zare matsattse ta yadda ramukan saƙar ba su kai maikiron 10 ba; iska da tururin gumi suna wucewa, kashin ƙwarin ba ya wucewa. Dole rigar ta rufe katifar ta kowane ɓangare, sama da ƙasa. Wadda ke rufe sama kawai kamar hula ba ta aikin. A kan rigar ake shimfiɗa zanen gado na yau da kullum, a riƙa goge ta da ɗanyen tsumma duk lokacin da aka cire zanen. A lura, ba duk abin da aka rubuta wa "maganin alaji" a kasuwa ne ke da wannan saƙar ba.

Inda ba a samu ba, ko ta yi tsada, leda mai kauri irin ta katifun asibiti tana yin aikin. Maɗinki zai iya ɗinka ta da zif, ko a naɗe katifar a liƙe bakin da salatif mai faɗi. A fara shanya katifar ta bushe sosai, domin idan aka rufe ta da laima za ta yi fumfuna. Matsalar leda ita ce zafi da gumi, musamman da bazara, don haka a ɗora mata zanen auduga mai kauri ko biyu. Idan ta yage, a liƙe nan take. Siririyar ledar da sabuwar katifa ke zuwa da ita ba ta daɗewa, kuma kada a bar ta a shimfiɗar jariri ko ƙaramin yaro, domin tana iya manne masa a fuska ta toshe numfashi. Jaririn da bai kai shekara ba ma ba ya buƙatar filo ko kaɗan.

Mutane kan tambaya wace katifa ce ba ta tara ƙwarin. Babu. Soso, auduga, rimi, sifirin, duk suna tarawa, sabuwar katifa ma cikin 'yan watanni ƙwarin sun kama ta idan ba a rufe ta ba tun farko. Don haka sauya katifa ba tare da riga ba asarar kuɗi ce. Tsohuwar katifar rimi ko auduga da ta fara zama gari ita ce kawai ya dace a rabu da ita, saboda ƙurar kanta. Maganar da ke yawo a intanet cewa katifa na ninka nauyinta cikin shekara goma saboda ƙwari ba ta da tushe.

Filo ya fi sauƙin sha'ani. Ko a sa masa rigar musamman, ko a zaɓi wanda ake iya wankewa gaba ɗaya a wanke shi duk wata ɗaya ko biyu, a tabbata ya bushe har ciki. Filallan ado da ake jerawa a gadon amarya a kwashe su daga gadon mai ciwon. Yaron da ke makarantar kwana ya tafi da filonsa mai riga da zanen gado biyu, a kuma nema masa gadon sama idan mai hawa biyu ne, domin na ƙasa yana shan ƙurar katifar da ke samansa.

Bargo, gidan sauro da kayan wasa

Bargo a wanke shi kafin a ajiye bayan hunturu, a bushe shi sosai, a sa cikin leda a ɗaure. A sake wanke shi ko a kalla a shanya a bubbuge kafin a fara rufa da shi a shekara mai zuwa. Lokacin amfani, wanki sau ɗaya a wata ya wadatar idan akwai zanen da ke tsakaninsa da jiki. Bargo biyu marasa nauyi sun fi ƙaton guda ɗaya da ba ya shiga baho. Na gwanjo kuwa sai an wanke da ruwan zafi kafin ya hau gado.

Gidan sauro mai magani yana da tasa ƙa'idar, wadda ta saɓa da ta sauran kayan. Ba a wanke shi da ruwan zafi, ba a shanya shi a rana, domin duka biyun suna lalata maganin da ke jikinsa. A wanke shi a hankali da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa, kuma ba a kai a kai ba, tunda an yi shi ne ya jure wanki kimanin 20. Ƙurar da ke taruwa a rufinsa a sauke shi a kakkaɓe a waje. Kada a cire wa yaro gidan sauro saboda atishawa. Zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙwarin ƙura haɗari nesa ba kusa ba.

'Yar tsana mai gashi da yaro ke runguma ya yi barci filo ce ta biyu. A bar masa ɗaya, a wanke ta tare da zanen gado. Wadda ba ta jure ruwan zafi a sa ta cikin leda a firiza na awa 24, in wutar ta tsaya, sannan a wanke da ruwan sanyi.

Sauran ɗakin

Shara da busasshiyar tsintsiya tana tayar da ƙurar ne ta sake sauka a kan gado. A yayyafa ruwa kafin shara, ko a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Kan gado, taga, saman wadirof da fukafukan fanka a goge da ɗanyen tsumma, ba kakkaɓewa ba. Ƙarƙashin gado ya zama fili, ba ma'ajiyar akwatuna da tsofaffin kaya ba. Kafet mai manne da ƙasa a ɗakin kwana gara a cire shi. Tayil, siminti ko ledar ƙasa duk sun fi. Idan akwai injin zuƙe ƙura, a nemi mai matattarar da ake kira HEPA, domin na gama-gari kan huro ƙananan ƙurar ta baya.

Mai ciwon ya fita lokacin gyaran, ya dawo bayan rabin awa. Matsalar ita ce sau da yawa mai ciwon ita ce uwargidan da aikin ke wuyanta. A irin wannan hali ta sa takunkumi mai kama fuska, ta buɗe tagogi, ta naɗe zanen gado a hankali maimakon fizgewa, bugun katifa da bargo kuma a ba wani a gidan.

Da safe kada a yi saurin gyara gado a rufe shi da abin ado. A yaye mayafi, a buɗe taga, a bar gumin dare ya bushe. Da damina a guji shanya wanki a ɗakin kwana. Katifar da ke ƙasa kai tsaye a jingine ta da bango da rana. Na'urar sanyaya ɗaki ta AC tana rage danshi, amma mai aiki da ruwa, wadda aka saba da ita a Nijar da Sudan, ƙara danshi take yi, don haka a kashe ta da zarar damina ta kama.

Fesa maganin ƙwari a kan katifa ba ya cikin abin da muke ba da shawara. Ba ya kai wa cikinta, ba ya kawar da kashin, warinsa kuma yana tayar da asma. Fiya-fiya da makamantansa guba ne, kada su taɓa shimfiɗa. Na'urar tace iska ma amfaninta kaɗan ne a nan, tunda ƙurar da ake magana a kai ba ta daɗewa a sama.

Me za a sa rai da shi?

Ya kamata mu faɗi gaskiya, domin sakamakon bincike a kan wannan batu ya rarrabu. A 2003 an gwada rigunan katifa a kan manya masu asma 1,122 a Birtaniya, ba tare da wani mataki na daban ba, kuma ba a ga bambanci a numfashinsu ba. Wani nazari na ƙungiyar Cochrane da ya tattara gwaje-gwaje fiye da 50 shi ma bai ga amfani bayyananne ga masu asma ba. A ɗaya ɓangaren, gwajin da aka buga a 2004 a kan yara 937 a birane bakwai na Amurka, inda aka haɗa matakai da yawa daidai da alajin kowane yaro, har da yaƙi da kyankyaso da hayaƙin taba, ya rage kwanakin da yaran ke fama da ciwon. A 2017 kuma, gwaji a kan yara 284 masu alajin ƙwarin ƙura a arewa maso yammacin Ingila ya nuna cewa cikin shekara guda, kimanin kashi 29 cikin 100 na masu rigar katifa ta gaske ne suka koma asibiti da tashin asma, alhali a ɗaya rukunin sun haura kashi 41.

Abin da muka fahimta daga nan shi ne mataki ɗaya tilo ba kasafai yake isa ba, amfanin ya fi fitowa ga yara da waɗanda aka tabbatar suna da alajin, kuma sai an haɗa matakan an dawwama a kai. Jagororin kula da asma na Amurka na 2020 ma haka suka ce: a yi amfani da rigunan a cikin jerin matakai, ba su kaɗai ba. A ba abin wata biyu zuwa uku kafin a yanke hukunci. Yana da kyau a riƙa rubuta daren da tari ya tashi mai ciwon da yawan shaƙar maganin gaggawa a mako, a kawo wa likita.

Tsafta ba ta maye gurbin magani. Mai asma da aka rubuta wa maganin shaƙa na kariya ya ci gaba da shi kullum ko da ya ji sauƙi. Likita ne zai rage idan lokaci ya yi. Ga hanci, maganin fesawa mai rage kumburi da ƙwayoyi irin su setirizin ko loratadin suna taimakawa, haka ma wanke hanci da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce. Ɗigon buɗe hanci na kemis kada ya wuce kwana biyar zuwa bakwai, domin bayan haka shi da kansa yake toshe hancin. Ga wanda duk wannan bai wadatar ba akwai maganin horar da garkuwar jiki, allura ko ƙwaya ta ƙarƙashin harshe, wanda ake ɗaukar kimanin shekara uku ana yi a hannun ƙwararren likita.

A je asibiti cikin kwanaki idan tari ko shaƙewar ƙirji na tashin mutum daga barci, idan ana buƙatar maganin shaƙa na gaggawa fiye da sau biyu a mako, ko yaro na fashin makaranta saboda ciwon. Tarin da ya wuce mako biyu tare da rama, zufar dare, zazzaɓi ko jini a kaki yana buƙatar gwajin tarin fuka, kada a jingina shi ga ƙura. A garzaya sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne, idan mai ciwon ya kasa ƙarasa magana saboda haki, idan ramin wuya da tsakanin haƙarƙarin yaro na lotsawa yayin numfashi, idan leɓe ko harshe sun sauya launi, idan ya fara magagi ko ruɗewa, ko kuma maganin shaƙa bai kawo sauƙi ba. A ci gaba da ba shi maganin shaƙar a kan hanya, yana zaune, ba a kwance ba.